Kawu, Mai Rushe Abin da Ya Gina

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a ɗakinsa, a nan Malanville, bayan 'yar jinya, kafin la'asar maza sun dawo daga kai shi. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana yaranmu su ga hoton tsohon nan mai tabarau biyu a kan hanci, su tambaya, a ce musu wai mai gyaran waya ne. Kawu bai taɓa gyara wayar kowa ba. Idan ka kawo masa mai fasasshen gilashi, da haɓa zai nuna maka layin masu gyara.

Na sha zaman makoki a garin nan, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai shigo ya durƙusa, ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, sai ka ga ya sa hannu a aljihu ya fito da waya yana nuna wa na kusa da shi. Daga wajen maza muna jiyo muryar wani tsohon jandarma da ya ajiye aiki, yana ta maimaita cewa shi sau biyu marigayi ya rushe masa, kamar wanda ke faɗin lambar yabo. A wajenmu mata kuwa, wata malamar lakkol, wato makarantar boko, ta taho tun daga Madécali a kan kabu-kabu, ƙafafunta duk laka. Ta zube gaban matar Kawu, wadda dukanmu muke kira Inna.

"Inna, sai hankuri," ta ce. "Walle ni ma ya sa na rushe nawa, gaban mutane, har na yi hawaye. Bara anka sace mini salula cikin kasuwa. Na sayi wata, na zamna gindin mangwaro na gina abina ni ɗaya, ban nemi kowa ba. Da ita nike buga ma yara jarrabawa har yau."

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Haka shike, ɗiyata. Ni kaɗai bai rushe ma komi ba, don ban ba shi ba."

Mata suka yi dariyar da ba su shirya ba, wasu kuma kuka ya ƙwace musu a tsakiyarta.

Ni ina gefe, jakata a kan cinya, ina leƙa cikinta lokaci zuwa lokaci. Na san wasu sun yi gulmata, sun ce 'yar rediyo ko a gidan mutuwa ba ta rabuwa da waya. Su yi ta yi. Wayar Kawu ce a cikin jakar, a kunne, jone da batirin ajiya. A fuskarta akwai layi ɗaya da ya rubuta da hannunsa kafin ya rasu, umarnin da zai rushe aikinsa na farko. Bai danna ba, ya ce ni zan danna. Idan wayar ta mutu layin ya tafi, ban cika masa ba. Idan kuma na danna, na share abu na ƙarshe da yatsunsa suka bari a duniya.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗa yadda shi ya faɗa mini. Akwai manhajojin da sai a kwamfuta suke aiki: na buga takardu masu kyau, na gyaran hoto, na yanka murya irin wanda muke yi a rediyo. Waya ba ta san su ba. Kawu yakan buɗe wani baƙin allo a cikin waya, ya yi ta rubuta umarni layi bayan layi, har ya ɗauko tsarin kwamfuta sukutum ya killace shi a wuri guda. Matasa suna kiran wurin kwantena, shi kuma yana ce masa ɗaki.

"Salula gida ce mai maigida mai zahin rai," in ji shi. "Ni ɗaki nike gina ma baƙo cikin gidan. Baƙo shina ganin gidan nashi ne duka, maigida shina ganin ɗan haya ne. Kowa ya zamna lahiya."

Tsakanin ɗakin da sauran wayar yakan bar wuri ɗaya da su biyun ke gani, inda mutum zai ajiye takardunsa da hotunansa. Wannan ya sa masa suna zaure. Akwai masu ɓalle makullin waya gaba ɗaya don aikin ya yi sauƙi, Kawu bai taɓa yarda ba. Ya ce shi ba ya shiga gidan mutum ta katanga. Wani lokaci ana tsakiyar aiki wayar za ta ga baƙon ya cika ci, ta kashe shi ba sallama. Sai ka ji Kawu yana lallashi da muryar da bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba: "Haba maigida, baƙo ne hwa." Ya shiga tonon saitin wayar har sai ya sasanta su.

Abin da ke ba ni mamaki har yau, duk wannan ya koye shi ne bayan gemunsa ya yi fari fat. Asalinsa mai buga takardu ne. Ya fara da keken rubutu a kan hanyar da ta nufi gada, yana buga wa direbobi da 'yan kasuwa abin da za su kai duwan, wato ofishin kwastan, daga baya ya tara kwamfutoci a shago. Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwarsu, ruwa ya kai masa ƙugu a cikin shagon. Buta ya fito da ita a hannu da waya a cikin hula. Da ruwa ya janye, ya tsaya yana kallon kwamfutocin cike da taɓo, ya ce ba zai ƙara mallakar abin da ba zai iya gudu da shi ba.

Mun ɗauka maganar ɓacin rai ce. Sai ga Kawu kullum da safe ya ɗauki tabarma ya nufi wajen gada, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, ya zauna yana karanta bayanin da wasu mutane da bai taɓa gani ba suka rubuta. Na Faransanci yana wucewa da su sumul, na Turanci kuwa sai da tsohon ƙamus, kalma kalma. Tabarau ɗaya ya kasa masa, ya ɗora na Inna a kai, daga nan ya zauna da biyu. 'Yan kabu-kabu suka fara cewa ruwa ya tafi da hankalin tsoho tare da shagonsa. Inna har rubutu ta karɓo masa. Ya shanye tas, ya ce ya ji daɗinsa, a ƙaro, ya koma kan tabarmarsa.

Ina wurin ranar da abin ya fara fitowa. Ya jona wayar da wata tsohuwar talabijin a rumfar ƙofar gidansa, ya haɗa madannai da linzami. Fuskar kwamfuta ta bayyana a talabijin, da 'yar kibiyar nan tana yawo duk inda ya kai hannu. Wani mai ɗaukar hoto ya zagaya bayan talabijin yana neman inda aka ɓoye kwamfutar, har ya ɗaga tabarma. Abin da kogi ya cinye shago guda, ga shi tsoho ya dawo da shi cikin abin da bai kai tafin hannunsa ba. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, cewa ya yi haruffan sun yi ƙanana.

Ina cikin na farko da ya gina wa. Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, ina shirya shirin mata manoma da masu bandar kifi, da Hausa da Dandanci. Kwamfuta ɗaya ce a wurin, kuma ba sai na faɗa muku su wa ke fara zama a kanta ba. Kawu ya ce in kawo wayata. Manhajar yanka murya ta buɗe lafiya lau, ana ganin zanen muryar yana hawa yana sauka, amma ko tari ba ka ji. Sauti ya ƙi ratsa bangon ɗakin. Damina guda ya kwashe a kan wannan.

A lokacin Iya, mahaifiyata, ƙanwarsa, tana gidana tana jinya. Na ɗauki muryarta da yawa: hira, faɗa, da wata waƙar sussukar shinkafa da suke yi suna yara a ƙauyensu, Garou. Da wannan muke gwaji. Wata ranar da yamma a rumfarsa ya gyara wani layi, ya ce in danna. Sai muryar Iya ta fito tar daga wayar: "Ke, ɗauke mini abin nan daga baki!" Daga nan ta fara waƙar. Kawu ya cire tabarau ɗaya, ya cire na biyun, ya riƙe su a hannu. "Ta hito," ya ce a hankali. Ban san ko sautin yake nufi ko ƙanwarsa ba, ban kuma tambaya ba.

Iya ba ta ga kakar shekarar ba.

Yanzu na zo wurin da har gobe idan na tuna sai raina ya sosu, kuma ba zan rage wa Kawu komai ba don ya rasu, shi ma ba zai so ba. Yana da ɗabi'a: duk wanda ya gina wa ɗaki, idan ya ga ya saba da shi, sai ya rushe shi a gabansa, ya ce ya sake tayarwa da kansa. Kayan mutum suna zaure, rushe ɗaki ba ya taɓa su. Ni kuwa bayan rasuwar Iya wayata ta cika, sai na kwashe muryoyinta na kai cikin ɗakin, na goge na zaure. Ku gaya mini, wace mace ce a garin nan ke barin abin da ta fi so a zaure? Can ƙuryar ɗaki ake kai shi. Shi ya raɗa wa wuraren nan suna, da sunan da ya ba su na yi aiki.

Ranar na tarar da rumfar cike da maza. Ya karɓi wayata yana magana da wani, ya juyo ya ce, "Kayanki suna zaure dai, kamar yadda na hwaɗa miki."

"To, Kawu," na ce.

Me zan ce? Mutumin da ya goya ni, a gaban baƙi, in ce masa ban gane inda ya dosa ba? Duk wanda ya girma a gidajenmu ya san "to" ɗin yarinya a gaban babba ba amsa ba ce, ladabi ne kawai. Ya fi kowa sani. Ya rubuta layi ɗaya, ya danna, rubutu ya zubo ya wuce, ya miƙo mini wayar yana murmushi. "Bisimilla, tada wani."

Na buɗe zaure, ba komai. Na ce, "Kawu, ina Iya?"

Murmushin ya ɗauke. Ya fizge wayar, ya yi ta rubutu, yana sharce gumi, maza suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Har aka kira magariba yana nema, bai samo ko numfashinta ba. Na tashi na bar masa wayar, ban yi masa sallama ba.

Daga ranar har aka cire albasa ban taka gidansa ba. Idan na hango shi a kasuwa sai in shige layin masu shinkafa. Inna ta aiko, na ce ina nan tafe, ban je ba. Sai wata safiya mijina ya shigo da sauri ya ce in fito, Kawu na ƙofar gida. Na tarar da shi zaune a ƙasa, ya ƙi tabarmar da aka shimfiɗa masa, hularsa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar.

"Na zo ki yahe mini," ya ce. "Ke kin rasa muryar uwarki. Ni da yatsana na kashe ta ƙanwata. Na ji 'to' na ɗauka, alhali na san mi 'to' take nuhi."

Na so in riƙe fushina, wallahi na so, amma ganin furfurar nan a ƙasa ya karya ni. Na durƙusa ina kuka ina cewa ya tashi mutane na kallo. Bai tashi ba. Ya zaro wayata daga aljihu, ya sake gina mata ɗaki tsaf, ya ce in kunna abin ɗaukar murya.

"Ba ni da muryarta," ya ce, "amma tare munka koyi waƙar. Ɗauki tawa. Ki aje ta a zaure, ina kallo."

Jama'a, Kawu bai iya waƙa ba. Muryarsa kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Ya manta wani wuri ya koma baya, ya yi tari, ya ci gaba. Amma ya kai ta har ƙarshe, a ƙofar gidan surukinsa, mata masu zuwa famfo sun tsaya da bokitai a ka.

Na zaci daga nan zai bar rushe-rushen. Ina! Abin da ya sauya shi ne bai ƙara karɓar "to" daga bakin kowa ba. Ko limami ne sai ya ce, "Nuna mini." Sai ya ga kayan a zaure da idonsa huɗu. Kuma bai ƙara dannawa da kansa ba, shi zai rubuta layin, mai wayar ya danna. Na taɓa ce masa wannan taurin kai ne, bayan abin da ya faru. Ya ce a Garou, duk lokacin da ruwa ya ci rumbun ubansu, tsohon ba ya barin su tsaya kallo, tare suke kwaɓa ƙasa. Shi ya sa babu wanda ya tashi a gidan yana tsoron ruwa. "Ni kuwa na manta da wannan," ya ce, "na tara odinata cike da shago, ko ɗaya ban san yadda anka yi ta ba. Da ruwa ya zo na tsaya kamar maraya. Ba ni son wani ya tsaya haka ranar da ba ni nan."

Yana da wasu halayen da ba a rasa ba. Ba ya fara gina ɗaki sai mai wayar ya ci wani abu, ko da ƙosai ne, wai mai yunwa ba ya karanta abin da allo ya ce. Idan jan rubutu ya fito mutum ya firgita, sai ya ce, "Karanta dai, ba zaginka yake ba, shina hwaɗa maka inda ke yi mishi ciwo." Yana yi wa mutanen da suka rubuta manhajojin nan addu'a bayan salla, waɗanda bai san sunansu ba balle addininsu, ya ce sun haƙa rijiya sun bar ta ba murfi. Kuma yana da rowar caja. Zai ba ka yininsa gaba ɗaya, amma ka taɓa cajarsa ka ji yadda ake faɗa da Dandanci.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika a kira ni. Inna tana bakin gado tana yi masa fifita. Ya sa aka miƙo tsohuwar wayarsa, wadda a cikinta ya fara gina ɗaki a bakin gada. Harafi ɗaya sai ya nema ya nema. Na ce ya kawo in rubuta masa, ya harare ni ta saman tabarau. Da ya gama layin ya tsaya. 'Yar alamar nan tana ƙyaftawa a ƙarshensa.

"Kayanka hwa, Kawu?" na ce. "Suna zaure?"

"To," ya ce, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Nuna mini."

Ya nuna mini. Ɗakin fes, kamar an share an yayyafa ruwa.

"Na ba ki wagga salula, Innarki shaida ce," ya ce. "Saura ki taɓa nan. Ba yau ba in ba ki so. Amma ke za ki taɓa, ke za ki tada wani."

"Don mi sai ni?"

"Don duk waɗanda na gina ma, ke ɗai ba ki taɓa ginawa ba. Tun ranar nan na ji tsoronki, na bar ki. Kullum naki ya lalace ni ka gyarawa. Na cuce ki sau biyu ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Na zauna kusa da shi ya gina wa mutane ba adadi, amma ban taɓa yi da hannuna ba, kuma ban san ko zan iya ba. Kwana kaɗan bayan haka ya tafi.

Haka na yi ta yawo da wayar nan. Kuran ya ɗauke, babu wutar caji, in ruga gidan rediyo. Batirin ajiya ya ƙare, in aro na maƙwabta. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ke aikin fitar da kaya a duwan, shi ya fara gane abin da nake ɓoyewa. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, yana ce mini bakin rediyo, ina ce masa mai gadin kamiyo, manyan motocin kayan nan. Wannan karon bai tsokane ni ba. Ya daɗe yana kallon layin.

"Kada ki taɓa," ya ce. "Tsohon nan bai bar mini rubutun hannu ko ɗaya ba, komi nashi bugawa yake. Wanga shi ne na ƙarshe."

"Ni ya ba, kuma ya ce in taɓa."

"Na sani. Roƙonki nike."

Na ce ya ɗauki hotonsa. Ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai. "A hoto ba ta ƙyaftawa," ya ce. Ban yi masa gardama ba, don ni ma abin da ke riƙe ni ke nan. Duk lokacin da na leƙa na ga alamar tana ƙyaftawa, sai in ji kamar Kawu ya ɗan fita alwala ne, yanzu zai dawo ya ƙarasa.

Waya dai ba a yi ta don ta zauna a caji dare da rana ba. Kafin sadakar arba'in bayanta ya fara ɗagawa, batirin ya kumbura, tana zafi ko ba a taɓa ta ba. Washegarin sadakar, da safe, Inna ta kira mu biyu ɗakin da take takaba. Ta sa na ajiye wayar a kan tabarma a tsakaninmu.

"Tun ina budurwa nike zamne da mutumen nan," ta ce. "Bai taɓa barin aiki rabi ba sai wanga, kuma da gangan ya bari. Ku biyu kun tsaida shi bakin ƙohwa, shi bai shiga ba bai hita ba. Ku sallame shi ya tahi."

Taubashina ya sunkuyar da kai. Can ya ɗauki wayar da hannu biyu, ya juyo da fuskarta wajena. "Bakin rediyo," ya ce, "in kin kasa tada wani, har ki mutu ina yi miki gori."

Na yi bisimilla, na danna.

Ban san abin zai yi sauri haka ba. Rubutu ya zubo ya wuce, shi ke nan. Damina da rani na zaman tsoho a bakin gada, kafin in sauke yatsana babu su. Na kifa kaina a cinyar Inna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

An sa wa wayar sabon batir. Na ɗauki tabarmarsa na nufi wajen gada, 'yan kabu-kabu suna cewa ga ciwon ya kama 'yar ƙanwarsa. Na rubuta, jan rubutu ya fito. Na karanta, na sake. Na rushe da kaina ya fi a ƙirga. Da na maƙale na kira malamar Madécali, ita ma ta ƙi faɗa mini kai tsaye, wai in nuna mata inda na tsaya. Duk Kawu ya ɓata su. Ranar da fuskar kwamfuta ta fito na yi ihu har wani mai kamun kifi ya waiwayo daga cikin jirgi. Amma sauti shiru, kamar wancan karon. Shi ya fi ba ni wuya, har na fara shirya yadda zan jure gorin taubashina.

Da na ga kamar na kama bakin zaren, ban yarda na gwada ni kaɗai ba. Na tafi ɗakin Inna, taubashina ya baro aikinsa ya zo. Na ɗauko muryar nan da aka ɗauka a ƙofar gidana, wadda take zaure tun ranar da ya sa na ajiye ta yana kallo. Na turo ta daga wayata zuwa ta Kawu, na buɗe ta a cikin ɗakin da na gina. Zanen ya fito yana hawa yana sauka.

Ya Allah, kai ka ba bawanka haƙurin da ya zauna da shi a bakin gada. Ka yalwata masa inda yake kwance, ka haskaka masa shi, ka haɗa shi da ƙanwarsa a inda ruwa ba ya cin gini. Mu da muka saura, ka sa mu iya tayar da abin da ya faɗi.

Na danna. Aka ji tari, sannan tsohuwar ƙofar kwanon nan ta fara waƙar sussukar shinkafa. Taubashina ya juya ya fuskanci bango. Inna ta ajiye carbinta, ta karkata kai tana saurare, har ya zo wurin da ya manta ya koma baya.

"Ji shi," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Har yanzu bai iya ba. Maido shi daga hwarko."